Babban kantin da ke kallon shagona zai rufe, ina neman shawararku

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Yau da damuwa na zo. Shekara 9 ke nan ina da ɗan shago a wani mol, wato katafaren gini mai shaguna da yawa a ciki, a nan jihar Ohio ta Amurka, ina sayar da turare, man shafawa, gyale da 'yan huluna. Lokacin da na kama shagon, manyan kantuna 4 ne a kusurwoyin ginin, irin na komai-da-ruwanka masu hawa biyu: ɓangaren kayan mata, na maza, na yara, takalma, kayan kicin, katifa har firiji. Biyu sun riga sun tafi. Jiya da safe na tarar an liƙa takarda a gilashin na uku, wanda ƙofarsa ke kallon tawa, cewa an karya farashin komai, za su rufe bayan sabuwar shekara.

Wallahi daren jiya ban runtsa ba. Mafi yawan masu shigowa wurina daga cikin kantin nan suke fitowa. Mace ta sayi riga a can, ta fito ta ga turare a nan, ta tsaya. Ɓangaren da kantunan biyu suka bari yanzu ko tsakar rana sai ka ji ƙarar takalminka in kana tafiya. Mai gyaran agogo ya tashi, mai hoton yara ya tashi, masu abinci sun ragu. Wanda ya san kan lamarin nan ya faɗa mini: in zauna ne ko in fara neman wani wuri?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita, Alhaji. Ni dai gaskiya zan faɗa maka, ka fara neman wuri. Aikina kai kaya gida-gida ne a New York, kullum motata cike take da kwalaye: takalma, riguna, tukwane, har labule. Duk abin da kantunan nan ke sayarwa yanzu a waya ake sayensa. Zamaninsu ya wuce.

Abu Sadiq:
Ɗan'uwa Ɗan Damagaram, abin da ka gani gaskiya ne amma ba shi ke nan ba. Aikin akanta nake yi wa 'yan kasuwa a Houston, ina bin wannan magana da daɗewa. Har yau cinikin intanet bai kai kashi 20 cikin 100 na sayayyar da ake yi a Amurka ba. Mutane suna fita saye. Je ka Walmart ko Costco ranar Asabar ka nemi wurin ajiye mota. Je ka TJ Maxx ko Ross ka ga layi. Ciwon kantunan nan ya girmi Amazon. Tun wajajen 1990 Walmart ta sha gaban Sears, babba a cikin irin kantunan nan, a yawan ciniki, alhali Amazon sai 1994 aka kafa ta.

Abin da ya faru, yanka su aka yi gunduwa-gunduwa. Mai son firiji da injin wanki ya koma Home Depot da Lowe's. Mai son talabijin ya koma Best Buy. Kayan kwalliya Sephora da Ulta suka janye. Mai neman araha ya tafi Walmart da Target, mai kuɗi sosai ya tafi shagon kamfanin da ke yin jakar da kansa. Aka bar kantin komai-da-ruwanka a tsakiya, bai fi kowa araha ba, bai fi kowa kaya masu kyau ba.

Alhaji, ga abin da ya shafe ka kai tsaye. Tsarin mol tun asali, manyan kantunan nan su ne ginshiƙai. Haya kaɗan suke biya, wasu ma ginin nasu ne, saboda su ke jawo jama'a. Ku ƙananan shaguna na tsakiya ku ke biyan haya mai tsada, kuma abin da kuke saye da kuɗin shi ne ƙafar da ke wucewa daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. Shi ya sa shaguna masu wayo suke sa sharaɗi a takardar haya: in ginshiƙi ya rufe ba a kawo madadinsa ba cikin wani lokaci, a rage musu haya ko su fita ba tara. Ɗauko takardarka yau ka duba ko akwai wannan sharaɗi. Kada ka yanke komai kafin nan.

Baban Khalifa:
Malam Abu Sadiq na gode, Allah ya saka. Ban taɓa sanin da wannan sharaɗi ba. Takardar shafi kusan 40 ce, zan kai wa lauya.

Maman Ilham:
Ni maganar nan taɓa ni take yi, don shekara 13 na yi ina aiki a irin wannan kanti a Maryland, ɓangaren kayan mata da na yara. Ba zan kama suna ba. Bari in gaya muku abin da na gani da idona, don masu lissafi lambobi suke gani, mu kuma mutane muka gani.

Da na fara, mu 7 ne a ɓangarenmu a rana guda. Akwai wata dattijuwa da ta shekara sama da 30 a wurin, kallo ɗaya za ta yi wa mace ta faɗi lambar rigarta, ba ta kuskure. Tana da ɗan littafi da take rubuta sunayen abokan cinikinta, wa ke da bikin 'ya, wa ke son shuɗi, wa mijinta ya rasu. In sabon kaya ya zo sai ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Ana ba mu la'ada kan abin da muka sayar, don haka kowa na da dalilin tsayawa da mai saye har ya gamsu. Ita ta koya mini yadda ake auna yaro, yadda ake gane ɗinki mai ƙarko daga cikin riga.

Sai aka fara rage mu. Aka cire la'ada. Daga 7 muka koma 4, daga 4 muka koma 2 a hawa guda cur. Aka ce kowa ya yi ko'ina: yau kana takalma, gobe kana tukwane. Abin da manaja ke tambaya da yamma ba wa kika taimaka ba ne, mutum nawa kika sa suka buɗe katin bashi na kanti. Na sha ganin mace riƙe da kaya tana zagaye tana neman wanda zai karɓi kuɗinta, ta gaji ta ajiye a kan tebur ta fita. Kafet ya tsufa ba a canza ba, rufi na yoyo a sa bokiti, matakalar lantarki ta yi wata biyu a tsaye. To don Allah wa zai bar gidansa cikin sanyi ya tuƙo mota minti 25 don ya zo ya tarar da wannan? In dai kai za ka nemo wa kanka kaya, kai za ka auna, ba mai ce maka sannu, ai gara wayar.

Don haka in an ce intanet ce ta kashe su, ni cewa nake su suka fara cire abin da intanet ba za ta iya bayarwa ba. Ranar da aka sallami dattijuwar nan, littafinta ta saka a jaka ta tafi da shi. Ba wanda ya tambaye ta.

Ummi 'yar BUK:
Anti, Allah ya ba ki lada, amma ki yi haƙuri in ɗan saɓa. Ma'aikata 7 a ɓangare ɗaya ai mai saye ne ke biyan albashinsu a cikin farashin riga. In mutane sun zaɓi araha, laifin wa? Mu nan Kano ƙawayena a Instagram da WhatsApp suke sayar da atamfa da mayafai, ba hayar shago, ɗan sahu ya kai miki har gida. Mata da yawa da ba za su taɓa iya kama shago ba sun samu sana'a. Ban ga abin kuka ba in manyan kamfanoni sun faɗi.

Maman Ilham:
'Yata, kamfanin ba shi nake wa kuka ba. Masu shi ba su kwana da yunwa. Amma ki lura da ƙawayen naki: wadda ta fi ciniki a cikinsu ita ce wadda ta san kwastomominta, take tura musu saƙo "Hajiya ga irin naki ya zo". Aikin dattijuwar nan ne take yi, littafin ne ya koma waya.

Ummi 'yar BUK:
Wannan kam haka ne Anti.

Kawu Na-Fagge:
Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna mini wannan hira, na ce sai na sa baki. Ku da ke Amurka kuna ganin sabon abu ne, mu mun ga irinsa a nan tun kuna yara. Kingsway na kamfanin UAC, wanda a Najeriya aka fara buɗewa a Ikko a 1948, yana da reshe a Kano da Kaduna. Ga Leventis, ga UTC, ga Chellarams. Ina saurayi in na karɓi albashi nakan shiga Kingsway ko da sabulu ɗaya zan saya, don dai in ga kaya a jere, kowanne da farashinsa a rubuce, ba "nawa", ba "albarka". Ma'aikatan gwamnati da turawa da manyan 'yan kasuwa su ne masu shiga.

Abin da ya kashe su a nan ba waya ba ce, lokacin ko tarho sai gidan wane da wane. Kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka takura shigo da kaya, sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta zube. Ma'aikacin da ke shiga Kingsway albashinsa ya koma ba ya kai shi ƙarshen wata, ya koma Sabon Gari da Kwari inda zai yi ciniki, inda mai shago ya san shi zai ba shi bashi. Irin kantin nan na masu matsakaicin hali ne. Duk inda aljihunsu ya motse, shi ne farkon faɗuwa. Kwari kuwa tana nan, ta ma ƙara girma.

Zongo Boy:
Kawu gaskiya ne, mu ma a Ankara ta Ghana an yi Kingsway, tsofaffinmu suna ba da labarinsa har yau. Sunan kawai ya rage, kasuwar Makola kuma tana nan cike.

Abu Sadiq:
Kawu, Allah ya ƙara lafiya, kun taɓo jijiyar. Amma zan ƙara abu ɗaya game da Amurka, don kada a ɗauka ƙaddara ce kawai ba hannun mutum. Ku dubi Sears. Kamfanin da tun ƙarshen ƙarni na 19 yake aika wa manoman ƙauye kundin kayansa, su zaɓa, a kawo musu ta gidan waya. Daga 1908 zuwa 1940 har gida sukutum suke sayarwa, a turo maka katako da ƙusoshi a jirgin ƙasa ka harhaɗa. Wato abin da Amazon ke yi yau, su suka yi shi shekara ɗari kafin ta. Sai suka daina buga babban kundin a 1993, ana gab da fara ciniki a intanet.

A 2005 Eddie Lampert, mutumin harkar zuba jari, ya haɗe Sears da Kmart, kantuna kusan 3,500. A 2015 aka sayar da gine-ginen kantuna sama da 200 ga wani kamfanin gidaje da aka ƙirƙira mai suna Seritage, Sears ta koma 'yar haya a gidan da ta gina. A 2017 aka sayar da Craftsman, sunan kayan aikin da magidanta ke zuwa Sears dominsa. Oktoban 2018 ta shiga kotu neman kariya daga masu bin ta bashi. Saniyar da ake tatsa ba a ba ta dusa, ƙarshenta sananne ne.

Ɗan Damagaram:
Na ji duka, amma ni ban sauka daga maganata ba. Ko da sun gyara kafet sun ƙara ma'aikata, mutum irina mai aiki awa 11 a rana yaushe zai je mol? Matata ma aiki take. Ƙarfe 11 na dare muke sayen takalman yara a waya, jibi su iso, in ba su yi ba mu mayar. Kuma yaran yanzu ba sa zuwa mol yawo kamar na da, hirarsu a waya take. Ba zan ba Alhaji shawarar ya jingina da bangon da ke zubewa ba.

Anti Rabi Landan:
Nan Ingila ma haka muka gani, sai dai namu yawanci a kan babban titin gari suke. BHS an sayar da shi fam 1 tak a 2015, shekara ɗaya bayan nan ya durƙushe, mutum kusan 11,000 suka rasa aiki, ga rigimar kuɗin fansho da ta kai har majalisa. Debenhams, wanda ya haura shekara 200, ya rufe kantunansa na ƙarshe a Mayun 2021. Boohoo, mai sayar da tufafi a intanet, ta sayi sunan da shafin intanet kan fam miliyan 55, ba ta ɗauki kanti ko ɗaya ba. A garin da 'yata ke zaune ginin yana nan, hawa uku, an toshe tagogi da katako, kuma shagunan da ke gefensa duk sun ji a jikinsu.

Abin da na fi kewa ƙarami ne amma ba ƙarami ba ne a wurina. In za a yi lefe ko kayan ɗaki a gida aka aiko mini kuɗi, wuri ɗaya nake shiga in haɗa akwati, zanen gado, tawul, turare, takalma, in taɓa kowanne da hannuna. Yanzu sai in yi oda daga wuri shida, rabi su zo ba kalar da na gani ba.

Kawu Na-Fagge:
Ina da tambaya ga Malam Abu Sadiq. Na ce a Kingsway ba a ciniki. Su can Amurka haka mutane suka yarda da farashi ɗaya ba ragi?

Abu Sadiq:
Kawu, tambayar nan akwai labari a kanta. Farashi a rubuce shi ne abin da irin kantunan nan suka yi suna da shi tun Bon Marché na birnin Paris a tsakiyar ƙarni na 19. Amma daga baya na Amurka suka saba wa mutane da rangwame: a rubuta dala 60, a turo maka takardar ragi, ka saya 35 ka tafi kana murna. A ƙarshen 2011 JCPenney, ɗaya daga cikin irin kantunan nan, ta ɗauko Ron Johnson, wanda ya gina shagunan Apple. Ya ce a daina wannan wasa, a rubuta farashin gaskiya kawai. Cikin shekara ɗaya ciniki ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, Afrilun 2013 aka sallame shi. Ashe Ba'amurke ma yana son ya ji an sallama masa, kamar mai saye a Kwari. Kamfanin JCPenney bai gama farfaɗowa ba korona ta zo, ya shiga kotu a Mayun 2020. Kun san wa ya saye shi? Simon da Brookfield, wato manyan masu mol ɗin da kansu. Sun gwammace su sayi ɗan hayarsu da su bar kusurwoyin gine-ginensu su zama kango, saboda wancan sharaɗin da na gaya wa Alhaji.

Kuma abin bai tsaya ba. Fabrairun 2024 Macy's ta ce za ta rufe kantuna kusan 150. A Kanada, Hudson's Bay da aka kafa tun 1670 ta rufe duka kantunanta a 2025.

Ummi 'yar BUK:
To mu ma ai Shoprite ta Ado Bayero Mall ta rufe a Janairun 2024, shekara 10 bayan buɗewa. Duk da ita kayan abinci ta fi sayarwa, ita ce ke tara jama'a a wurin, musamman da sallah.

Zongo Boy:
Amma ba duka mol ke mutuwa ba fa. Na je Mall of America a Minnesota bara, ko'ina mutane. Sears ɗinsu ta rufe, Bloomingdale's ta rufe tun 2012, amma wurin bai ji ba, don akwai filin wasan yara a tsakiyarsa da gidan kifaye da gidajen abinci.

Abu Sadiq:
Haka ne, kasuwar rabuwa ta yi. Manya na unguwannin masu kuɗi suna cike, na tsakiya da na ƙasa ne ke mutuwa, don tun farko an gina fiye da buƙata. Na farko mai rufi, Southdale, a Minnesota ɗin aka buɗe shi a 1956, daga nan kowane gari ya ce sai ya yi nasa. A jiharka ma Alhaji, Randall Park da ke kusa da Cleveland, wanda aka buɗe a 1976 yana cikin mafi girma a ƙasar, ya mutu, aka rushe, yanzu siton Amazon ne a filin. Mol ɗin da ya rasa ginshiƙai 3 cikin 4, ka san ɓangaren da yake.

Baban Khalifa:
Jama'a na dawo, ku gafarce ni kwana biyu shiru. Na je wurin lauya. Babu wancan sharaɗi a takardata, ya ce ƙananan 'yan haya irina ba kasafai ake ba su ba sai sun nema, ni kuma ban san in nema ba. Saura wata 14 hayata ta ƙare. Ya ce in rubuta wa masu ginin in nemi a mayar da hayar wani kaso na cinikin da na yi a wata maimakon kuɗi tsayayye, don a halin da suke ciki ba sa son ƙarin shago a rufe. Na rubuta. Kuma na fara duba wani layin shaguna kusa da masallacinmu, inda akwai mai naman halal da kantin kayan abincin Afirka. Ɗan Damagaram, ka ga ban ƙi taka ba.

Amma Maman Ilham, maganarki ce ta hana ni sukuni. Akwai wata baiwar Allah a teburin turare na kantin da zai rufe, ta kai shekara 20 a wurin. Duk wanda ya tambaye ta turaren oud ko almiski, wurina take turo shi, ban taɓa ba ta ko sisi ba. Jiya na shiga na gaishe ta, na tarar tana naɗe kwalabe a takarda. Na tambaye ta ina za ta, ta ce ba ta sani ba, shekarunta 61. Sai na tambaye ta ko tana da littafi. Ta dube ni, ta jawo aljihun tebur ta fito da shi, bangonsa duk ya tsufa.

Ba ni da ƙarfin ɗaukar ta cikakken aiki. Na yi lissafi da uwargida daren jiya, kwana uku a mako zan iya, da la'ada a kan abin da ta sayar.

Maman Ilham:
Alhaji kada ka jira su rufe, wani zai riga ka. Ka je mata gobe da safe kafin a buɗe ƙofa, lokacin ba manaja a kusa. Kuma ka gaya mata maganar sabon wurin tun yanzu, don ta san abin da za ta faɗa wa mutanenta in ta fara kiransu.

Baban Khalifa:
In sha Allahu ƙarfe 9 ina can.